Ɗinki Ba Zare: Nazari a Kan Katin Gaisuwa Mai Kama da Surfani

Duk wanda ya saba sayen hula a kasuwa ya san abin da ake fara yi. Juya cikinta ake yi waje, a duba bayan ɗinkin, domin a nan ne ake rarrabe aikin hannu da aikin keke. To, akwai wata sana'ar hannu da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka wadda in ka yi mata irin wannan bincike za ka tarar da bayan fes, ba ƙulli ba sili. Katin gaisuwa ne da ake haɗawa a gida, a ƙawata fuskarsa da abin da ido zai rantse surfani ne, alhali babu zare ko kaɗan a jikinsa. Tawada ce da huji da ɗan tudun takarda. Me ya sa mutum zai ɓata yininsa yana kwaikwayon ɗinki a kan kwali, kuma da wane ma'auni za a auna irin wannan aiki?

Shi kansa katin gaisuwa na sayarwa ɗan gidan waya ne. A 1840 aka fara aika wasiƙa a Birtaniya da kan sarki na kwabo ɗaya. Bayan shekara uku, a 1843, Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti a Landan, aka buga guda 1,000, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Tun daga lokacin kati yake aron kayan ado daga tufafi. A garin Worcester na Amurka, Esther Howland ta tara mata a gidan mahaifinta a ƙarshen shekarun 1840 suna haɗa katin masoya da leshin takarda, wato takardar da aka huhhuda aka matse har ta yi kama da leshin gaske. A zamanin Sarauniya Victoria kuma an riƙa sayar da kwali mai jerarrun ƙofofi, mata na bi da zaren ulu ko na siliki suna ɗinka addu'o'i da gajerun kalmomi.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne katin siliki na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsakanin 1914 da 1918 sojojin Birtaniya da ke fagen fama a Faransa da Beljiyam sun riƙa saye suna aika wa iyaye da mata: ɗan ƙyalle mai furanni da tutoci, an ɗaure shi cikin firam na kwali, wani ma da ɗan aljihu da ake saka ƙaramar takardar gaisuwa. An daɗe ana cewa matan Faransa ne suka ɗinka su ɗaya bayan ɗaya da hannu, amma masu bincike sun nuna cewa da yawansu injin surfani ne ya yi su a kan dogon ƙyalle, aka yayyanka. Uwar da ta karɓa a ƙauyen Ingila ba ta damu da wannan ba. Ta ga zare, ta ji an darajanta ta.

A nan sirrin yake. Ɗinki aiki ne da ake iya ƙirga wahalarsa da ido. Kowane sili yana nufin allura ta shiga ta fita sau ɗaya, don haka jerin ɗinki tamkar lissafin lokacin da wani ya kashe ne saboda kai. Wannan shaidar ce mai yin kati yake so ya ɗora a kan takardarsa. Sai dai takarda ba ƙyalle ba ce. Ƙyalle saƙa ne, in ka zare allura sai zaruruwansa su koma su rufe wurin. Takarda kuwa in an huda ta an huda ke nan har abada. In ƙofofi biyu suka yi kusa, ko aka ja zare da ƙarfi, sai tsakaninsu ya yage, aikin awa biyu ya tafi kwandon shara. Ga kuma ƙulle-ƙullen baya da dole a rufe da wata takardar, ga kauri da ke hana kati kwanciya cikin ambulan. Raunin takarda ne ya haifi ɗinkin da ba zare.

Bari mu tsaya kan teburin mai yi mu gani. Ta yanko kwali mai kauri, baƙi ko shuɗi mai duhu, ta naɗe shi biyu, tsawonsa bai kai santimita 15 ba. Ta ɗora shi a kan soso, ta kwantar da rula kusa da gefe, ta ɗauki allura tana hudawa, tana barin kamar milimita 3 tsakanin huji da huji. Daga nan sai farin biro mai tawada mai kauri, irin wadda kamfanin Sakura na Japan ya fito da ita a 1984. Tana ja daga wannan huji zuwa na gaba, ta tsallake ɗaya, ta sake ja. Tsallaken nan shi ne ran aikin, domin a ɗinkin gaske nan ne zare yake nutsewa ya bi ta baya. In ta gama, sai ta bi ƙarƙashin kowane layi da fensir mai toka-toka, a ɓangare guda kawai, don ya zama inuwa. Nan take layin ya taso daga takardar.

Fure ya fi haka wuya. A surfani ana cike ganye da zaruruwa kwance gefe da gefe, duk suna fuskantar wuri ɗaya, shi ya sa yake sheƙi. Mai kwaikwayo dole ta ja layuka sirara ɗaruruwa a haka, daga bakin ganye zuwa jijiyarsa, ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Ƙananan ƙulle-ƙullen tsakiyar fure kuwa ɗigon fenti ne mai kauri da ake bari ya bushe da tudunsa. Wasu sukan kifa katin su danna ta baya da tsinke mai dakusasshen kai, don yatsa ya ji tudun in ya shafa.

Daga wannan bayani ma'aunin ya fito. Ba a iya kwaikwayon ɗinki sai an san halin zare. Zare ba ya lanƙwasa a tsakiyar sili. Daga huji zuwa huji miƙe yake, sai taruwar gajerun silla ce ke ba da gewaye. Ba ya juya kwana sai inda allura ta shiga. Ba ya farawa a iska. Kati mara kyau shi ne wanda aka zana ɗinkin a cikinsa yana lauje kamar rubutu, ko aka bar kusurwa ba huji. Ko wanda bai taɓa riƙe allura ba zai ji wani abu bai zauna ba, tela kuwa kallo ɗaya zai yi ya kau da kai. Mu da muka san aikin babbar riga ba baƙon abu ba ne a wurinmu: kafin maɗinki ya sa allura, mai zane ne yake fara shata aska takwas a jikin yadin, kuma zanensa ba ya yin kyau sai ya san inda zare zai iya bi.

Inda gardama take shi ne zuwan inji. Yanzu ana sayar da ƙarafan yanka masu haƙoran ɗinki a gefe, a haɗa su da kwali a tura cikin ɗan injin murzawa irin na Sizzix, cikin daƙiƙa kaɗan kati ya fito da jerin ɗinki a matse, kowane sili daidai da ɗan'uwansa. Yana da tsabta, yana kuma taimakon mai rawar hannu ko raunin gani, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma daidaiton nan da ya wuce kima shi ne ke tona shi. Hannun mutum yana gajiya, sili na arba'in ba ya zama tagwayen na farko, kuma wannan ɗan bambanci ne ke gaya wa mai karɓa cewa wani ya zauna dominsa. Ɗinkin ƙarfe ya ari rigar haƙuri bai biya kuɗinta ba. Kama da wane ba ta wane.

Na biro da allura kuwa ba zan kira shi jabu ba. Jabu shi ne abin da ake so ka saya a matsayin na gaske. Wannan wasa ne tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kuma daɗinsa a ganowa yake. Za ka ga an zaro katin daga ambulan, an kai shi kusa da ido, babban yatsa ya bi ta kan furen yana neman zare. Sai a buɗe a leƙa bayan, kamar dai mai sayen hula. Babu ƙulli, sai jerin ƙananan huji da haske ke ratsowa ta cikinsu, kowanne an yi shi da hannu. Mai karɓa ya yi murmushi ya ce, "Ashe zane ne!" Sannan ya koma fuskar katin ya fara ƙirga silla.