Fim da Wasan Kwaikwayo Wajen Koyar da Tarihin Ƙwadago: Sharhi a Kan Fim ɗin Marikana

Manufar wannan takarda ita ce duba wani fim guda, watau Miners Shot Down, wanda Rehad Desai na Afirka ta Kudu ya fitar cikin 2014, don a ga iyakar abin da malamin tarihi zai iya yi da shi a cikin aji, da kuma inda ya wajaba ya nemi taimakon wasan kwaikwayo.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Cikin watan Agusta 2012, leburori masu fasa dutse a mahaƙar filatinam ta kamfanin Lonmin da ke Marikana suka shiga yajin aiki, suna neman a mai da albashinsu Rand 12,500 a wata. Ba su bi ta kan ƙungiyarsu ta NUM ba, domin sun daina amincewa da ita. Suka koma kan wani tsauni suna jiran shugabannin kamfani su zo a yi magana. Kafin ranar 16 ga wata an riga an kashe mutum 10, cikinsu har da 'yan sanda biyu da masu gadin kamfani biyu. A ranar kuwa 'yan sanda suka harbe leburori 34.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin kayan da aka gina shi da su. Desai ya haɗa hotunan da 'yan jarida suka ɗauka da na 'yan sanda da na masu gadin kamfanin kansa, ya jera su rana bayan rana. Da farko hukuma ta ce leburori ne suka taso wa 'yan sanda da makamai, su kuwa suka kare kansu. Amma mai kallo yana ganin yadda aka ja waya mai ƙaya, aka matse mutane suka bi ta hanya guda, inda masu bindiga ke jira. Wannan darasi ne babba ga ɗalibi: hujjar da hukuma ta tara da hannunta ita ce ta tona ta. Haka kuma ɗalibi zai san Mgcineni Noki, jagoran nan mai koren bargo, yana magana da bakinsa, ba a matsayin lamba cikin jerin matattu ba. Littafi ba ya iya wannan.

To, amma a nan ne haɗarin yake. Ɗalibanmu sun saba ɗaukar abin da ido ya gani a matsayin gaskiyar da ba ta da ja. Alhali fim ɗin nan ƙara ce aka shigar, mai shi kuma bai ɓoye gefen da ya tsaya ba. Ya nuna yatsa ga Cyril Ramaphosa, wanda a lokacin yake cikin daraktocin Lonmin, saboda saƙonnin da ya aika yana neman a ɗauki mataki. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Farlam, wadda rahotonta ya fito cikin 2015, bayan fim ɗin, ba ta kama shi da laifi ba, ko da yake ta soki shirin 'yan sanda ƙwarai. Ni kam ina ganin zargin Desai yana da nauyi, sai dai malamin da ya nuna fim ya ɓoye rahoto bai koyar da tarihi ba, wa'azi ya yi.

Giɓi na biyu ya fi damuna. Rabin waɗanda suka mutu, mutum 17, ba a gaban 'yan jarida aka kashe su ba. A wani ƙaramin tsauni ne can gefe, bayan harbin farko, inda suka gudu suka ɓuya cikin duwatsu. Abin da aka sani game da wurin ya fito ne daga baya, daga bakin waɗanda suka tsira da binciken gawawwaki. Bugu da ƙari, fim ɗin bai tsaya sosai a unguwar bukkokin kwano ta Nkaneng ba, inda matan leburori ke zaune, bai kuma bi su ƙauyukan Gabashin Kef da Lesoto da suka baro ba. Sai cikin 2017 Aliki Saragas ta yi Strike a Rock a kan matan. Wanda ya ga fim ɗin Desai kaɗai zai san yadda aka yi kisan, amma ba zai san dalilin da ya sa magidanci ya yarda ya kwana bisa dutse cikin sanyi ba.

Wannan giɓin shi wasan kwaikwayo yake iya cikewa. A raba ɗalibai, wannan ya zama lebura mai bashi a wuyansa, wancan sakataren ƙungiya da ya sa hannu a yarjejeniyar albashi yana tsoron ta warware, wani kuma kurtun ɗan sanda da ya ga gawar abokin aikinsa kwana uku da suka wuce. A tsayar da wasan kafin harbi, a tambayi kowa abin da zai yi. Irin wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu, domin sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi amfani da ita a ƙauyuka da unguwannin Samaru tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Sharaɗi ɗaya ne: kada a bar ɗalibi ya ƙago abin da hujja ba ta ɗauka. In ba haka ba, za a ƙare da Bature mai tumbi da ɗan sanda mai muzurai, 'yan kallo su yi dariya su watse.

Mu a nan bukatar ta fi tsanani, domin namu Marikana ba shi da fim. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe mahaƙan kwal 21 a Iva Valley kusa da Enugu, lokacin da aka zo kwashe nakiya daga mahaƙar. Abin da ke hannun malami shi ne rahoton hukumar Fitzgerald da jaridun zamanin. Shawarata ita ce a fara da fim ɗin Desai, a koya wa ɗalibai tambayar wane ne ya riƙe kyamara da inda ya juya ta, sa'an nan a miƙa musu rahoton Fitzgerald su yi masa wannan tambaya kafin su hau dandali.