WA YA HAIFI WANNAN YARO?

'Yan'uwana mata, kun san yadda ake yi a gidajenmu. In yaro ya yi kyawun hali, ya ci jarrabawa, sai ki ji uba yana bugun ƙirji, gwaggo tana cewa hancinsu ya ɗauko, kawu ma ya ce shi ya raɗa masa suna. Ranar da ya fasa tulun maƙwabta kuwa sai kowa ya kau da kai, a ce tarbiyyar uwarsa ce. To ashe wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka akwai wani kiɗa da ya yi tashe tsakanin 1994 zuwa wajen 2003, ya tara wa mutane dukiyar da ba ta ƙirguwa, amma da tashensa ya wuce sai iyayen suka riƙa tserewa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sunansa Nu Metal, wato wai sabon ƙarfe. Ni dai ban ga sabunta ba, amma ƙarfen kam na ji shi a kunnena.

Ga wadda ba ta taɓa ji ba, bari in kwatanta mata. Ki ɗauki jita, maimakon tsirkiya shida a ba ta bakwai, a sassauta tsirkiyoyin har muryarta ta koma kamar gurnanin injin markaɗe da ya haɗiyi dutse. Ki kawo mai waƙar gambarar zamani ya riƙa jero magana, ki kawo wani yana karce faifai da hannu. Shi kuma uban waƙar sai ya fara da raɗa-raɗa kamar marar lafiya, kina kasa kunne don ki ji me yake cewa, kwatsam sai ya kurma ihu kamar wanda kunama ta harba. Haka za a yi ta yi, raɗa, ihu, raɗa, ihu, har waƙa ta ƙare. Abin da ake faɗa kuwa bai cika wuce guda ba: kowa ya cuce ni, ba wanda ya fahimce ni, yanzu zan fasa wani abu. Ƙanena ne ya jawo mini wannan jidali, domin 'yan shekarun nan yaran da ba a ma haife su ba lokacin sun tono shi a TikTok suna ta yayi, shi ya sa na zauna na bi salsalarsa.

Masu neman mai laifi sukan fara da shekarar 1986. A wannan shekara ne mawaƙan gambara Run-DMC suka haɗu da tsofaffin 'yan rok Aerosmith, suka sabunta wata waƙarsu ta 1975 mai suna Walk This Way, wani furodusa Rick Rubin yana cikin waɗanda suka ƙulla abin. A bidiyon ma har an nuna bango tsakanin ɗakuna biyu, mawaƙin Aerosmith ya sa sandar makirfo ya huda shi. To wai tun daga wannan huji ne ɓarna ta shigo. Ni kam na sallame su. Wanda ya ɗaura aure ba shi ake tuhuma ba in jika ya zama ɗan daba, kuma waƙar tasu akwai fara'a a cikinta, ana iya taka ta.

Sai Faith No More, masu waƙar Epic da ta fito a 1989, wadda su yaran da kansu suke cewa a wurinta suka sha nono. Mawaƙinsu Mike Patton ya sha nuna cewa ba ya son a jingina masa su. Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne Tim Commerford na ƙungiyar Rage Against the Machine. Su waɗannan tun 1992 suke haɗa gambara da jita, sai dai fushinsu yana da alƙibla: zaluncin 'yan sanda, wariyar launin fata, yadda mai kuɗi ke taka talaka. A shekarar 2000, wajen bikin ba da kyaututtuka na tashar MTV, aka ba Limp Bizkit lambar bidiyon rok da ya fi kyau, su aka hana su. Bawan Allah nan bai yi wata-wata ba ya ɗare saman kayan adon dandamali ya zauna yana girgiza shi, kamar yaron da aka hana alewa ya hau bishiyar dalbejiya, har sai da aka sauko da shi aka kama shi. Ba a nan ya tsaya ba. A 2015 ya fito a wata hira da mujallar Rolling Stone ya nemi gafarar duniya saboda Limp Bizkit. Kun ji fa! Mutum ya nemi afuwa a kan ɗan da ya rantse ba nasa ba ne.

Idan ana maganar uwa ta haƙiƙa, wadda ta yi naƙuda, to Korn ce. Samari ne daga Bakersfield a jihar Kalifoniya, faifansu na farko ya fito a 1994. A nan ne dariyata takan tsaya, domin na saurari faifan nan kuma ban iya yi masa ba'a ba. Mawaƙinsu Jonathan Davis ya yi aiki a wurin binciken gawa tun yana matashi, an tsangwame shi a makaranta, kuma waƙar ƙarshe a faifan, mai suna Daddy, a kan cin zarafin da aka yi masa ne yana ƙaramin yaro, ya faɗa ba a yarda da shi ba. A ƙarshenta ba waƙa yake yi ba, kuka yake yi na gaske, aka bar na'ura tana ɗauka. Wace uwa ce za ta ji wannan ta ce hayaniya ce kawai? Mu nan mun san yara nawa ne suke haɗiye irin wannan magana saboda kada a ji kunya a gida. Kiɗan ba daɗi, wallahi ba daɗi, amma ciwon ba na aro ba ne.

Matsalar ita ce, da 'yan kasuwa suka ga hawaye yana kawo kuɗi sai suka buɗe masa rumfa. Ungozomar da ta karɓi haihuwar Korn, furodusa Ross Robinson, ita ce dai ta karɓi faifan farko na Limp Bizkit a 1997 da na Slipknot a 1999. Korn ɗin ma su suka riƙo hannun Limp Bizkit suka shigo da su. Jagoransu Fred Durst, mai zanen jiki daga Jacksonville a Fulorida, mai jar hular hana-sallah a juye, shi ya zama tambarin abin duka, shi ne kuma jakin da kowa yake ɗora wa kaya. Ba na jin tausayinsa sosai. Shi ya ɗauki kukan yaron da aka zalunta ya mai da shi tsiwar ƙato wanda budurwa ta ƙi. Ki saurari waƙoƙinsa na 1999, za ki tarar mace ce mai laifi a mafi yawan labarin: ta yaudare shi, ta ci amanarsa, shi kuwa tsarkakakke. Mun san irinsu. Su ne masu zama a majalisa suna ba da labarin matar da suka saka, ba a taɓa jin nasu laifin.

Amma tsaya. Wa ya kai shi kunnen mutane? A 1998 an fallasa cewa kamfanin faifansu ya biya wani gidan rediyo a garin Portland dala 5,000 don ya sa waƙarsu guda sau 50. MTV kuma ta riƙa nuna su safe da yamma. Sannan da faifansu na shekarar 2000 ya fito, sama da kwafi miliyan ɗaya aka saya a mako guda. Miliyan fa, a kwana bakwai! Yau in kin tambayi Ba'amurke ɗan shekara arba'in sai ya ce shi bai taɓa sonsu ba. To aljanu ne suka saya? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Inda wasan neman mai laifi ya daina zama wasa shi ne bikin Woodstock na watan Yuli 1999, a garin Rome na jihar Nuyok. An tara mutane wajen dubu ɗari biyu a tsohon sansanin sojan sama, kan kwalta da siminti, cikin zafin rana, ba inuwar kirki. Gorar ruwa dala 4. Bandakuna suka cika suka malalo. Daren Asabar Limp Bizkit suka hau, suka yi waƙarsu ta fashe-fashe, jama'a suka riƙa ɓalle katako. Aka yi wa mata fyaɗe a wurin nan, wasu a tsakiyar taro. Da gari ya waye sai aka ce ai kiɗan ne, ai mai jar hula ne. Alhali gobarar da aka yi ta nunawa a talabijin sai daren Lahadi ta tashi, lokacin wata ƙungiya ce daban take kan dandamali, kuma da kyandirorin da aka raba wa mutane aka kunna ta. Ban wanke Durst ba, ya ga wuta ya ƙara mata fetur. Amma ba shi ya sa wa ruwa kuɗi ba, ba shi ya ɗauko masu gadin da ba su san aikinsu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, a wani fim na tarihin bikin da aka fitar a 2021, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya taron ya buɗe baki ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan matan, wai saboda yadda suka tuɓe. Ni ba mai goyon bayan tsiraici ba ce, kun sani, amma mutumin da ya karɓi kuɗin tikiti ya kasa tsare 'ya'yan mutane ba shi da bakin wannan magana. An zagaya, an zagaya, daga mai jita zuwa mai hula, ƙarshe kaya ya sauka a kan mace.

Linkin Park ba zan ja su da nisa ba. Faifansu Hybrid Theory na shekarar 2000 ya wuce kwafi miliyan goma a Amurka kaɗai, babu ashar ko ɗaya a cikinsa, kuma Chester Bennington yana da murya ta gaske. An yi ta yi masa dariya wai kukan shagwaɓa yake yi, har ya kashe kansa a 2017, sannan masu dariyar suka koma suna sauraren kalmomin da kyau.

Wadda nake so ku riƙe sunanta ita ce Amy Lee ta Evanescence. Yarinya ce mai kaɗa fiyano, mai murya kamar ana zuba ruwa a randa. Da za su fitar da waƙar Bring Me to Life a 2003, kamar yadda ta sha faɗa da bakinta, kamfani ya matsa sai an sa muryar namiji yana gambara a ciki, domin suna ganin gidajen rediyon rok ba za su sa mace da fiyano ita kaɗai ba. Aka sa. Waƙa ta zagaya duniya, aka kuma rubuta sunanta cikin dangin Nu Metal, dangin da ba ta ce tana so ba, kamar yarinyar da aka kai gidan da ba ta zaɓa ba sannan aka ce ta yi kama da su. Shekara goma sha huɗu tana ɗauke da wannan murya a bayanta. A 2017 ta sake rera waƙar da rundunar masu goge, ta cire namijin gaba ɗaya. Na sa ƙanena ya kunna mini duka biyun a jere. Shi ya ce ta farkon ta fi ƙarfi, ni kuwa na ce ya mayar mini da ta biyun.