Zane da Mahaifarsa: Nazari a Kan Gidajen Zane-zane Uku na Gaɓar Kudancin Faransa

A gaɓar Bahar Rum, kewayen birnin Nice na ƙasar Faransa, akwai gidajen ajiye zane-zane da dama. Masu ziyara sukan bi su a yini guda, sai ka ce duk ɗaya su ke. Amma fa akwai bambanci. Waɗansu a cikinsu aka yi aikin da su ke nunawa, waɗansu kuwa kawo musu shi aka yi.

A shekarar 1946 aka ba Picasso ɗakin aiki a tsohuwar fadar Grimaldi da ke Antibes, dab da teku. Yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, kayan aiki sun yi wuya, sai ya riƙa zane da fentin jirgin ruwa a kan falanki da allunan siminti. Da zai tashi ya bar zanen fenti 23 da na takarda 44. Mai kallo in ya dubi shuɗin zanen, sa'an nan ya leƙa taga, sai ya ga inda aka samo shi.

Ƙaramar majami'ar da Matisse ya ƙawata a Vence, wadda aka buɗe a 1951, ta fi wannan ma. A bango baƙin layi ne kurum a kan farin tayil. Launi kuwa, watau rawaya da kore da shuɗi, daga gilashin tagogi ya ke saukowa. Ashe rana ce ke kammala aikin, tana kuma sauya shi daga safe zuwa la'asar. Hoton littafi ba ya iya ɗauko wannan.

Gidan Léger da ke Biot, wanda aka buɗe a 1960, shekara biyar bayan rasuwarsa, dabam ne. Zanensa na injuna da magina 'ya'yan birni ne. Ƙarfinsu bai ragu ba, amma teku ba ta ƙara musu kome. Baƙi ne da aka karrama, kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu ya ke yi.

Saboda haka malamin da ke koyar da nazari ya kamata ya sa ɗalibansa su fara da tambaya guda: in an ɗauke wannan aiki daga nan, me zai rasa? Amsar ita ke nuna wanda tilas a je a gani, da wanda littafi ya wadatar.