Kirarin da Ake Sawa a Jiki: Nazari a kan Tufafin Gasar Ƙwallon Lambu

Mutumin Sanyinna ko Tambuwal ko Kebbe da ya saba tsayawa a da'irar 'yan kokawa bayan kaka ya san cewa wasa ba ya farawa daga kamu. Sai makaɗa sun taɓa taken kowane gwani, shi kuma ya zagaya fili da layu da kambuna a damtse, ya yi kirari, mutanen garinsu su amsa masa. Haka abin yake a dambe: tun ana naɗa wa ɗan wasa zare a hannu kalangu ke kiran sunansa. A wurinmu, ƙara ce ke gabatar da jarumi.

Wasan golf, wanda gidajen rediyon Hausa ke kira ƙwallon lambu, ya ginu a kan akasin haka. Da zarar ɗan wasa ya sunkuya zai buga, masu kula da fili za su ɗaga hannu, dubban 'yan kallo su yi tsit. Babu ganga, babu maroƙi. A gasar Masters ta Amurka ko wayar hannu ba a barin ɗan kallo ya shiga da ita. Amma buƙatar a san wane ne babba, wane ne yaro, wane ne ɗan gida, ba ta gushe don an hana kiɗa ba. Aikin da take da kirari ke yi a filinmu, tufafi ne ke yin sa a wannan fili. Wanda ya iya karanta rigunan, ya karanta tarihin wasan har da abin da masu shi ba su cika son faɗa ba.

Tsarin wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Fili yana da ramuka 18, ɗan wasa yana da damar riƙe sanduna har 14 a jakarsa, kuma wanda ya jefa ƙwallo a ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Manyan gasa kan ɗauki kwana huɗu, daga Alhamis zuwa Lahadi, ramuka 72 ke nan. Huɗu ne ake yi wa kallon iyayen gasa: Masters, da PGA, da US Open, da The Open ta Birtaniya.

Rigar girma

Gasar The Open ita ce mafi tsufa. An fara ta a Prestwick ta ƙasar Sikotland a 1860, da 'yan wasa takwas kacal, kuma Willie Park ne ya ci. Abin lura shi ne ba kofi aka ba shi ba. Ɗamara ce ta jan kirgi mai kan azurfa, abin ɗaurawa a ƙugu. An yi ta da irin fatar da Turawa ke dangantawa da Maroko, alhali kaso mai yawa na wannan haja a kasuwannin Turai fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda majema suka jeme a ƙasar Hausa, fatake suka ƙetara Sahara da ita, ta ɗauki sunan tashar da aka loda ta a jirgi. Sharaɗin ɗamarar shi ne duk wanda ya ci sau uku a jere ta zama tasa. Tom Morris ƙarami ya yi hakan a 1868 da 1869 da 1870, ya tafi da ita gida. A 1871 ba a yi gasa ba, domin babu abin da za a bai wa gwani. Bayan haka ne aka ƙera butar azurfar da ake miƙawa har yau.

Amurkawa sun mayar da al'adar tufa ta wata hanya. Bobby Jones da Clifford Roberts suka kafa gasar Masters a Ogasta ta jihar Jojiya a 1934, shekarar da aka fara bikin kamun kifi na Argungu a matsayin da aka san shi yanzu. A 1937 'yan kulob ɗin Ogasta suka fara sa koriyar kwat don baƙi su gane wanda za su tambaya hanya. Daga 1949, lokacin da Sam Snead ya ci, sai aka fara tufatar da gwanin shekara da ita. Dokokin da ke tattare da wannan kwat sun fi ɗinkinta muhimmanci. Gwanin bara ne ke riƙe ta ya sa wa gwanin bana a gaban jama'a. Sabon gwani zai tafi da ita shekara ɗaya, sannan ya dawo da ita ta zauna a kulob, sai in ya zo ya sa. Kuma tun 1952, bisa shawarar Ben Hogan, tsofaffin gwanaye kan haɗu a liyafar dare kafin gasa, kowa da kwat ɗinsa, gwanin bara ya zaɓi abinci.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. A Nijar, tun 1975 ake kokawar takobi ta ƙasa, kuma wanda ya kayar da kowa ba takobi kaɗai yake samu ba, har da babbar riga da rawani, a naɗa shi sarkin fili. Ma'anar ɗaya ce a wuraren biyu: kuɗi ana kashewa, kofi ana ajiyewa, amma riga tana shigar da mutum cikin wata zuri'a. Jack Nicklaus ya ci Masters sau shida, Tiger Woods sau biyar, kuma da Rory McIlroy ya samu tasa a 2025 bayan shekaru yana fama, ya durƙusa a fili yana kuka. Sai dai akwai bambanci. Rigar sarkin kokawa tasa ce, yana shiga garinsu da ita. Koriyar kwat kuwa ta kulob ce, aro ake bai wa gwani. Wato kulob na tuna masa cewa girman daga hannunsu ya fito.

Wannan zuri'a tana da ladubban da take taƙama da su. Ɗan wasa shi ne alƙalin kansa. A US Open ta 1925 Bobby Jones ya kai ƙarar kansa cewa ƙwallonsa ya motsa, aka ƙara masa bugu ɗaya, kuma daga baya ya rasa gasar. A Masters ta 1968 Roberto De Vicenzo na Ajantina ya sa hannu a katin da aka rubuta masa 4 maimakon 3 a rami na 17, kuskuren ya tabbata a kansa, damarsa ta wuce. Da irin waɗannan labarai ake kare dokar riga mai kwala da dogon wando: wai mai tsabtar tufa shi ne mai tsabtar hali.

Rigar yaro

A nan ne mai nazari ya kamata ya juya ya dubi wanda ke tafe a bayan gwani. A Ogasta, mai ɗaukar jaka yana sa farar riga haɗe da wando irin ta leburori, da koriyar hula, kuma sunan da ke bayansa ba nasa ba ne, na maigidansa ne. Har zuwa 1982 dole ne kowane ɗan wasa ya ɗauki yaron kulob, kuma dukkansu baƙaƙen fata ne daga unguwannin garin. Su suka san kwanciyar ciyawa da gangaren kowane rami, su ke raɗa wa gwani inda zai nufa, amma ƙofar shiga gasa a rufe take gare su. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta Amurka ta riƙe dokar cewa farar fata kaɗai ke zama ɗanta daga 1934 zuwa 1961. Sai a 1975 Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga Masters. Kulob ɗin Ogasta bai karɓi baƙar fata a matsayin ɗan kulob ba sai 1990, mata kuwa sai 2012, inda Condoleezza Rice ta kasance cikin biyun farko.

A Afirka ta Kudu abin ya fi haka muni. Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya wanda ya fara da ɗaukar jaka, ya ci gasar Natal Open a 1963 da 1965, amma dokar wariyar launi ta hana shi shiga zauren kulob. Hoton da ya zaga duniya ya nuna shi yana karɓar kyautarsa a waje ana ruwan sama. Saboda haka idan aka ce dokar tufa ladabi ce kawai, tarihi bai yarda ba. Koriyar kwat da farar rigar aiki tare aka ɗinka su, ɗaya tana cewa wannan ɗan gida ne, ɗayar tana cewa wannan ɗan aike ne. Shi ya sa nasarar Tiger Woods, baƙar fata, a Masters ta 1997, yana ɗan shekara 21, da ratar bugu 12, ta wuce labarin wasa.

Rigar kasuwa

Tun da dokar ta ƙayyade siffar tufa, sai 'yan wasa suka koma ga launi don su bambanta kansu. Gary Player na Afirka ta Kudu, wanda a 1961 ya zama baƙo na farko da ya ci Masters, ya shahara da baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa. Payne Stewart ya farfaɗo da wandon da ke tsayawa ƙasa da gwiwa da doguwar safa irin ta kakanni. Woods kuwa jar riga yake sawa duk ranar Lahadi, ranar ƙarshe ta gasa, bisa shawarar mahaifiyarsa 'yar ƙasar Tailan wadda ta ɗauki ja a matsayin launin ƙarfinsa. Ga laya ke nan da aka ɗinka da zare, kuma abokan karawarsa sun san abin da ganinta ke yi wa zuciya.

Amma launin da ya zama take yakan zama haja. Kamfanin Nike ya ɗauki Woods a 1996 kan dala miliyan 40, suka yi shekara 27 tare, sannan a 2024 Woods ya fito da nasa tambarin tufafi mai ɗauke da sunan jar rigar Lahadi. Yau hula da ƙirji da hannun rigar ƙwararren ɗan wasa duk wuraren talla ne, kowanne da farashinsa. Rikicin tufa na wannan zamani a nan yake. A 2020 Tyrrell Hatton ya ci babbar gasa a Wentworth ta Ingila sanye da rigar sanyi mai hula, dattawan kulob-kulob suka yi ta gunaguni. A 2024 hukumar Masters ta nemi Jason Day ya cire wata falmaran mai manyan rubuce-rubucen kamfani, ya cire. Gasar LIV, wadda asusun zuba jarin Saudiyya ya kafa a 2022, ta bar 'yan wasa su sa gajeren wando, ta kuma saki kiɗa a fili. Ana kiran wannan 'yanci, amma ba matalauci aka buɗe wa ƙofa ba. Tsohon mai kuɗi ne da sabon mai kuɗi ke jayayya a kan wanda zai rubuta sunansa a jikin ɗan wasa.

A ƙasarmu

Turawan mulki da na haƙar kuza suka shigo da wasan. Filin Rayfield na Jos, wanda ake dangantawa da 1913, yana cikin mafiya tsufa, kuma Kano da Kaduna da Zariya duk sun samu nasu a unguwannin Turawa. Ƙarancin ruwa ya tilasta wata dabara: maimakon shimfiɗar ciyawa a kewayen rami, sai a zuba yashi gauraye da baƙin mai, yaro ya share hanya kafin a buga. A Ikoyi ta Legas aka riƙa yin gasar Nigerian Open, wadda ƙwararrun Turai ke zuwa lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 a 1981, Vijay Singh na Fiji ya ci a 1988 da 1989. Lyle da Singh duka sun sa koriyar kwat daga baya. A 1991 aka buɗe filin IBB a Abuja.

Duk da wannan tarihi, wasan bai shiga jinin Hausawa ba kamar yadda ƙwallon doki, wato folo, ya shiga. Dalilin a bayyane yake. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓi folo ne domin doki da sirdi da barga tuni suna cikin sarauta, har ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake labari. Folo ya tarar da gida, ƙwallon lambu kuwa ya tarar da shinge ya zauna a ciki. Fili mai ramuka 18 yana cin gomman hekta da ruwa mai yawa, kuma manomin fadamar Kebbe da ke lissafin shinkafa da albasa ba zai ga hikimar shayar da ciyawar da dabba ba za ta ci ba. Ga kuɗin shiga kulob, ga tsadar sanduna, ga dokar tufa da aka kwafo ba a taɓa ko harafi ba. Alhajin da ke zuwa ofis da masallaci da ɗaurin aure cikin kaftani da hula, a ƙofar kulob kaɗai ake sa shi ya tuɓe ya sa kayan wani. Mace Bahaushiya kuwa, wadda dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali ba za su hana ta juya sanda ba, da wuya ta ga hoton da ke ce mata akwai wurinta a nan.

Abin da ya maimaita kansa daga Ogasta zuwa Kaduna shi ne inda gwaninta ke fitowa. Da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Najeriya da ɗaukar jaka suka fara, suna kallon bugun manya, suna gwadawa da tsohuwar sanda in fili ya watse. Manyan sojoji da 'yan kasuwa da 'yan siyasa su ke da kulob, amma yaran nan su ke da wasan. Idan masu filayen Arewa na son abin ya wuce taron hutun ƙarshen mako, hanyar ba ta ƙara tsaurara dokar kwala ba ce. Su ware ranakun da waɗannan yara za su buga kyauta, su buɗe musu gasar da ke da kyauta mai tsoka, su sassauta tufa ta yadda ɗan ƙasa da 'yar ƙasa za su shigo ba tare da sun ji sun yi aro ba. Kuma in za a karrama gwani a Kano ko Kaduna, masaƙa da maɗinka da majeman ƙasar nan sun isa su yi masa abin da zai sa ya koma unguwarsu da shi, ya zama nasa. Wasan da ke son magada dole ne ya yarda wanda ya ɗauki jaka jiya ya sa rigar girma gobe.