Faifai ya tafi, saura idon mai gem

Duk wanda ya zauna a gidan gem a Sandamu shekaru goma sha biyar da suka wuce ba zai manta da wannan jiran ba. An gama ƙwallon Winning Eleven, wasu yara biyu sun biya kuɗin damben Tekken, sai mai gem ya taso daga kan benci, ya zare faifai, ya hura masa iska, ya goge da gefen rigarsa, ya sa wani. Nan take ɗaki ya yi tsit. Talabijin ta yi baƙi, na'ura tana ƙugi a hankali, kowa ya zura ido ya ga ko tambarin PlayStation 2 zai fito, ko kuwa jan allon nan da ke cewa ba ta gane faifan ba. Janareta yana can waje yana shan mai, lokacin yaran kuma yana tafiya.

Ina cikin waɗanda suka yi murna da ƙarewar wannan wahala, kuma ba na kewarta ko kaɗan. Faifai ba a yi shi don ƙasarmu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, har cikin tukunyar da aka rufe, balle na'urar da ake buɗe bakinta sau talatin a yini. Kowace buɗewa ƙura ce a kan idon da ke karanta faifan, kowace cirewa sabon karce ne. Na ga ana shafa wa faifai man goge haƙora don ya ciko karcen, na ga ana kifa PlayStation ta farko a kan bayanta ko za ta yarda ta karanta. In ido ya mutu kuwa, sai a naɗe na'urar a zane a nufi Daura, in ba a dace ba a wuce Kano, shago ya kwana biyu a rufe.

Su ma can inda ake ƙera wasannin sun sha wannan fama, sai dai nasu dalilin daban ne. Faifan CD ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin megabait 700, don haka Final Fantasy VII ya fito a 1997 a faifai uku, na takwas ya zo a 1999 a faifai huɗu, Metal Gear Solid na 1998 kuma biyu. Kana tsakiyar labari sai a ce ka tashi ka canza. A 2008 Microsoft ya ba masu Xbox 360 damar kwafe wasa cikin rumbun ajiyar na'ura, amma duk da haka sai faifan yana ciki kafin wasa ya tashi.

Maganin da ya iso mana ba daga kamfani ya fito ba, masu sha'awar abin ne suka haɗa shi kyauta. Ana sa wata manhaja mai suna Free McBoot a ɗan katin ajiyar PlayStation 2, ita kuma ta buɗe wata da ake kira Open PS2 Loader, wadda masu sana'ar suka taƙaita da OPL. Wasanni suna cikin rumbu ko filashi, sunayensu na jere a allo, ka zaɓa da hannun gem ka danna. Tsohuwar na'urar mai ƙiba ta fi dacewa da wannan, don tana da gurbi a bayanta inda rumbu ke shiga, kuma tana karantawa da sauri. Siririyar da ta fito a 2004 ba ta da gurbin, sai ta kafar USB, wadda tsohon samfuri ce mai nawa, shi ya sa za ka ga hotunan farkon wasa suna tsinkewa. Amma ƙwallo tana tafiya lafiya, ita ce kuma abincin shagon. Na'urar da idonta ya mutu aka jefar a lungu ta dawo tana kawo kuɗin cefane. Ba zan ɓoye cewa yawancin waɗannan wasanni kwafi ne da ba a biya masu su ba, amma faifan da muke saye a da ma kwafi ne. Rumbu bai kawo wannan matsala ba, tarar da ita ya yi.

Abin da ke damuna daban ne, kuma ban ga ana maganarsa ba. A zamanin faifai, jakar wasanni tana hannun mai gem. Yaro ba ya buga abin da bai roƙa da bakinsa ba. Zai zo ya ce, "Yaya, a sa mana na mota," mai gem ya dube shi, ya san ɗan gidan wane ne, ya san shekarunsa, ya zaɓo abin da ya dace. Akwai faifan da ba ya fitowa sai bayan isha'i, in samari sun rage. Wannan tashi da zaman da muke ƙorafi a kansa, ashe shi ne ke sa babba ya san abin da ke kan kowace talabijin a ɗakin.

Yanzu mai gem yana bakin ƙofa yana karɓar kuɗi ko yana latsa wayarsa, don ba abin da zai tashe shi. Mai loda wasanni a birni kuma da yawa yake cinikinsa: ka kai rumbu ya cika maka shi, ba ya tambayar wa zai buga. Kwanakin baya na leƙa wani shago neman ɗan ƙanwata, na tarar da yaro da bai wuce shekara tara ba, allon makarantarsa jingine da bango, yana cikin Grand Theft Auto: San Andreas yana fizgo direba daga mota yana dukansa. Wasan ya fito a 2004, kuma su kansu Turawan da suka yi shi sun buga masa tambarin shekara 18 a jikin kwali. To a jerin OPL babu kwali, babu tambari, suna ne kawai tsakanin ƙwallo da tsere. Yaron bai yi laifin komai ba, abin da aka jera masa ya danna. Da na yi wa mai shagon magana sai ya ce, "Wallahi Malam ban ma san yana ciki ba." Na yarda da shi, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Ba na cewa a koma wa faifai. Duniya ma ta wuce nan: tun 2020 akwai PlayStation 5 marar bakin faifai, a 2021 kuma kamfanin Konami, mai Winning Eleven, ya mayar da ƙwallonsa eFootball, wadda sai dai a sauke ta intanet. Gyaran da nake nema ba ya cin ko sisi. OPL abin da ke cikin rumbu kawai yake nunawa, abin da aka goge ba ya fitowa.

Don haka 'yan'uwa masu gidajen gem na Sandamu da Daura da Mai'aduwa, ku zauna yini guda ku buɗe kowane wasa da ke rumbunku ku gani da idonku. Ku ware filashi ɗaya na yara, mai ƙwallo da tsere da makamantansu, na manya kuma ya zauna a aljihunku kamar yadda jakar faifai take zama a da. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya ce zai je gem, ku bi shi sau ɗaya ku ce a nuna muku jerin.