Muryar Mai Bindiga da Muryar Mai Fartanya: Sharhi a kan Abin da Aka Rubuta Game da Fitinar Zamfara

Wanda ya fita daga Gusau ya kama hanyar Zariya, ba zai yi nisa ba sai ya iske Damba, gaba kaɗan ga Kwatarkwashi da dutsenta, sa'an nan Tsafe. Dā an san ƙasar nan da auduga da gyaɗa da dawa, har aka ja hanyar jirgin ƙasa ta Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929 domin kwasar amfaninta. Amma tun wajen 2011 aka soma jin sunayen garuruwan Zamfara a bakin masu karanta labarai ba don kasuwa ba. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, nan kusa da Damba, suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20, yawancinsu mata. Watau dai fitinar ta iso har ƙofar masu nazari, saboda haka babu wani malami da zai ce ba ruwansa da yadda ake ba da labarinta.

Abin da muka nufa a wannan takarda shi ne mu auna ayyuka biyu waɗanda suka fi sauran tasiri wajen sanar da duniya abin da ya faru, mu ga wa suka ba baki ya yi magana, wa kuma suka bari a bayan fage.

Na farko shi ne laccar da Dokta Murtala Ahmed Rufa'i, malamin tarihi, ya gabatar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, mai suna I Am a Bandit. Lalle aiki ne na jarumi, gama mai shi ya shafe shekaru yana shiga wuraren da mutane ke gudu, yana zama da waɗanda ake tsoro, yana tambayarsu. Shi ya kai asalin ƙungiyar farko zuwa 2011, ƙarƙashin Kundu da Buharin Daji, ya kuma nuna cewa ba daga sama abin ya faɗo ba: an yanka makiyayu an mai da su gonaki, an toshe burtali, an tatsi makiyayi a gaban alƙali da ofishin 'yan sanda da fadar mai gari, har wanda aka raba da shanunsa ya ga babu sauran abin da zai yi asara. Wannan bayani ya fi na masu cewa mugunta ce kawai ta wata ƙabila, kuma ya kamata kowane malamin kwalejin horon malamai ya san shi kafin ya buɗe baki gaban ɗalibai, domin a ajinsa akwai ɗan manomi akwai ɗan makiyayi.

Na biyu shi ne fim ɗin da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Yuli na 2022, The Bandit Warlords of Zamfara, wanda Yusuf Anka, ɗan ƙasar, ya jagoranta. A ciki an ga Ado Aleru da Abu Sani suna magana da bakinsu, an kuma taɓo satar 'yan makarantar Jangebe ta 2021. Hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar waɗansu tashoshi Naira miliyan 5 kowace saboda nuna shi, ta kuma ci Trust TV irin wannan tara saboda nata fim, bisa zargin wai suna kambama 'yan ta'adda. Mu ba mu tare da hukumar a kan wannan hukunci. Wanda ya nuna maka inda rufin ɗakinka ke yoyo ba shi ya kawo damina ba.

Amma fa akwai abin dubawa, kuma ba shi ne abin da hukumar ta duba ba. A cikin ayyukan nan biyu mai bindiga ne ke da "ni". Tun daga sunan laccar shi ke magana, shi ke ba da dalili, shi ke da tarihi da ƙorafi da suna. Gwamnati ita ce murya ta biyu. Mutumin ƙauye kuwa ya kan fito ne ɗayan biyu: ko dai yana kuka a bakin kabari, ko yana rataye da bindigar toka ya zama ɗan sa-kai. Mai karatu zai rufe littafi ya kashe talabijin yana zaton mutanen Zamfara iri uku ne kurum, masu kisa, da masu ramuwa, da waɗanda ake kashewa. Ina wanda ya tsaya wa ƙasarsa da ruwansa da hannu biyu ba makami? Shin babu shi ne, ko kuwa ba a neme shi ba?

Akwai shi, kuma tarihinsa ya girmi na 'yan bindiga. Sa'ad da aka gama dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, kamfanin Italiya da ke aikin ya baje filayen mutane domin noman rani, aka hana su shuka, diyya kuwa ta zama sai wanda ya san wani. Waɗanda ke gangare su ma suka ga ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Manoma suka yi ta kai kuka, da suka gaji sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka aika musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, waɗansu masu bincike kuwa sun ƙirga fiye da 380. Dokta Yusufu Bala Usman da Baturen Suwidin nan Björn Beckman sun yi rubutu a kai da Turanci. To, ga tambayar da ya kamata duk mai rubuta tarihin fitinar yau ya yi wa kansa: wace irin magana aka koya wa talakan Zamfara a 1980 game da amfanin kai kuka ta hanyar lalama? Wanda ya fara labarin daga 2011 ya bar wannan tambaya a waje.

Misali na biyu na kusa ne. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya waɗanda ake niƙawa cikin gida, wani lokaci ma da injin da ke niƙa hatsi. Yara aƙalla 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar waɗansu ƙauyuka aka zuba sabuwa, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jira, gama likita ba ya iya ba yaro magani ya mai da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwon. Sai waɗansu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa tafiyar da suka kira Follow The Money a 2012, suka yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta rediyo da intanet har aka saki kuɗin a farkon 2013. Nasara ce ta gaske, ba mu rage musu kome ba. Sai dai a nan ma labarin ya tsaya a kan waɗanda ke da waya da Turanci. Dagatai da limamai da iyaye mata waɗanda suka yarda aka fitar da niƙan dutse daga cikin gida, alhali shi ne abincinsu, ba mu da bayaninsu da harshensu.

Wannan ya kawo mu ga sha'anin kalmomi, wanda shi ne ainihin aikin sashen Hausa. A duba kalmar "sa-kai". Asalinta mutum ya ba da kansa ga aikin jama'a ba don lada ba, kamar gyaran rijiya ko shara ko gayya. Cikin 'yan shekaru sai ta koma sunan masu farautar mutane a kasuwa, har Bafillace in ya ji ta ya kan tuna ɗan'uwansa da aka kashe ba shari'a. Ba abin mamaki ba ne da gwamnatin jiha ta nemi wani suna, watau Askarawa, sa'ad da ta ƙaddamar da nata dakarun a watan Janairu na 2024. Haka "sulhu". An yi shi da Buharin Daji a 2016, an sake yin wani a 2019, aka riƙa kiran waɗansu "tubabbu", har a watan Yuli na 2022 aka naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto, tsohon garin malamai, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A ƙauyuka da yawa kuwa sulhu ya zama kuɗin da ake tarawa a kai daji domin a bar mutane su yi shuka ko su kwashe amfanin gonarsu. Saurayin da ya tashi yau a Damba ko Bungudu yana son ya yi aikin sa kai domin sulhu, ya tarar an riga an ɓata masa kalmomin biyu duka kafin ya furta su.

A cikin wannan giɓi ne waɗansu sababbin kalmomi suka shigo ta bakin ƙungiyoyi da tarurrukan ƙara wa juna sani, babba cikinsu ita ce "adalcin yanayi". Ma'anar da ake nufi gaskiya ce: ƙasashen da suka ƙona gawayi da mai suka yi arziki su ne suka ɗumama duniya, Afirka kuwa, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ita ke shan wuya, saboda haka aka amince a taron Masar na 2022 a kafa asusun biyan asara. Manomin Gummi da ruwa ya ci gidansa a 2024 yana da haƙƙi a wannan magana. Amma in aka jera kalmomin biyu a kunnen Bahaushe sai su yi wani irin sauti, gama a wurinsa ruwan sama na Allah ne, ba a kai ƙararsa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne yadda kalmar ke iya zama mafaka. In an ce hamada ce ta kori makiyayi ta haɗa shi da manomi, to, wanda ya sa hannu aka raba makiyaya ya sami wanka ba sabulu. Fari mafi tsanani da tsofaffi ke tunawa shi ne na 1973 da na 1984, shanu suka mutu ba iyaka, amma ba a ga dabar 'yan bindiga ba. Fitinar ta zo ne a shekarun da ruwa ya ɗan dawo. Ashe ke nan ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ne, har da wanda ke riƙe da igiyar rabo.

Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin wannan shari'a ba. Akwai burtali, da makiyaya, da mashaya, da hurumi, da fadama, da saura, kowace tana ɗauke da haƙƙi da iyaka da wanda ake kai wa ƙara in an ƙetare. Dokar makiyayu ta Jihar Arewa ta 1965 ma ba ta ƙirƙiro abin ba, ta rubuta ne abin da aka riga aka sani. Da masu fafutuka za su tambayi mutane ina burtalin garinku ya bi, wa ya toshe shi, a wace shekara, da sun sami amsa mai suna da wuri, irin wadda ba a samu in an tambaye su ra'ayinsu game da sauyin yanayi.

Ƙetaren iyaka akwai abin koyi. A ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1983, manoma suka soma barin tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwa a gonakinsu, suna rage shi suna kiwonsa maimakon su sassabe shi duka, abin da suka kira sassaben zamani. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa dabarar, amma ba ta kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ta wannan hanya, gawo ya dawo, ga taki ga abincin dabba da rani. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, kwamitin da ke tsaron itatuwan ya haɗa har da mata da makiyaya. A lura fa, sunan da abin ya yaɗu da shi sunan gona ne, ba fassarar wata takarda ba.

Ba mu ce Dokta Rufa'i ko Yusuf Anka su yi aikin da ba shi suka sa gaba ba. Sun tafi neman mai bindiga, sun kuwa same shi. Gajiyawar tamu ce, mu da ke da sassan Hausa da kwalejoji a Gusau da Maru da Sakkwato. Hirarrakin da aka yi da Hausa an juya su Turanci an kai wa duniya, asalin maganar kuwa, da karin harshen Zamfara da habaicinta, ba ta shiga ɗakin karatunmu ba. Ga kuma dubban mutanen ƙauyuka da gudun hijira ya tara a Gusau da Tsafe, cikinsu akwai tsofaffin da suka san sunan kowace mashaya da kowane burtali na ƙasarsu, da ardon da aka yi yarjejeniya da shi, da ranar da aka saba sakin shanu cikin kara bayan girbi. Ɗalibi ba ya bukatar shiga daji kafin ya same su, suna nan cikin kangaye da gidajen 'yan'uwa, waɗansu ma a bakin hanyar da yake bi zuwa makaranta. Waɗanda suka ga Bakolori da idonsu suna samari, yanzu ƙaraminsu ya haura shekara 60.