Mantiƙi a Zaure: Gadon Girkawa da Malamanmu Suka Tace

Mutane da dama sun ɗauka cewa ilimin Girkawan dā a jakar Bature ya shigo ƙasar Hausa. Tarihin karatun zaure bai yarda da haka ba. Shekaru aru-aru kafin Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, malamanmu suna karantar da mantiƙi, ilimin auna hujja, wanda Aristotal ya tsara ƙa'idojinsa kafin rasuwarsa a shekara ta 322 gabanin haihuwar Annabi Isa.

Hanyar da ya biyo doguwa ce. A Bagadaza aka mayar da littattafan Girkawa zuwa Larabci, a hannun irin su Hunainu ɗan Is'haƙa wanda ya rasu a 873. Farabi da Ibn Sina suka yi musu sharhi, Imamu Gazali ya shigar da mantiƙi cikin usulul fiƙihu, sannan ya ratso Sahara ta Magrib. Shehu Magili, wanda ya sauka Kano wajejen 1492 a zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi waƙe a kan fannin. Imamu Suyuɗi na Misra kuwa ya haramta shi, har suka yi musayar baitoci. Hujjar Magili ita ce da ma'aunin gaskiya ake auna magana, ba da asalin mai faɗinta ba.

A zaure, ɗalibi ba ya taɓa mantiƙi sai ya yi nisa a fiƙihu da nahawu. Zai durƙusa gaban malam ya ja baƙi, malam na kan buzu yana fassarawa yana buga misali. Cikin littattafan da ake ja akwai Isaguji na Abhari da Sullamu na Abdurrahman Al'akhdari, mutumin nan da ya wallafa Ahalarin da yara ke koyon tsarki da salla a ciki. Nan ɗalibi ke koyon iyakance abu da jinsinsa da abin da ya raba shi da 'yan uwansa, da yadda ake haɗa gabatarwa biyu a fitar da natija: duniya tana sauyawa, duk mai sauyawa fararre ne, ashe duniya fararriya ce. Ƙwarangwal ɗin hujjar na Aristotal ne, amma tauhidi aka tsayar da shi.

Nan ƙimar wannan al'ada take. Malamai ba su haɗiye falsafar Girkawa ɗungurungum ba. Sun sheƙe ta, suka riƙe tsaba suka zubar da ƙaiƙayi. Sun ƙi ra'ayin cewa duniya ba ta da farko, suka karɓi ma'auni. A Sakkwato, da Bature Kilafatan ya ba Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafin Iƙilidis Bagirke da Larabci a zuwansa na biyu, Bello ya shaida masa cewa dama gidansu suna da shi, an kawo daga Makka, gobara ce ta cinye. Jikan Shehu ɗan Fodiyo, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, shi ma ya yi rubutu yana bitar maganganun masana falsafa.

Rauninta shi ne ta tsaya ga 'yan ƙalilan, sau da yawa kuma hadda ta rinjayi aiki da ƙa'idar. Yau da jita-jita ke yawo a wayar kowa, yaranmu na bukatar sanin bambancin da'awa da hujja. Ya kamata makarantun Islamiyya su dawo da Sullamu aji, a karantar da shi da Hausa, da misalan kasuwa da gona.